Kunnen Gwaggo Caji

Duk wanda ya yi karatu a makarantarmu cikin shekarun nan, in ka ambaci Gwaggo Caji sai ya shafa wani wuri a jikinsa kafin ya amsa maka. Wani ƙeya, wani gwiwar hannu, wani gadon baya. Mai shara ce. Gwaggota ce kuma ta jini, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, don haka tabon nawa ya girmi na kowa.

Ubansu mahauci ne. Tun tana 'yar mitsitsiya take riƙe masa ƙafar dabba, shi ya sa jini bai taɓa ɗaga mata hankali ba, kuma da kallo ɗaya takan bambance wuƙar da aka zaro don barazana da wadda aka zaro don aiki. Ta yi karatu har aji uku na sakandare, sannan ta auri direban babbar mota. Mutumin nan in ya dawo daga tafiya, tsarabarsa duka ce. Shekara shida tana shanyewa. Ran da ya fasa mata leɓe a gaban baƙi, ta fita ta ɗauko ƙarfen jak ɗinsa ta karya masa hannun da yake sa giyar mota da shi. Kafin a kwance masa ɗori auren ya mutu. Ba ta haihu ba, ba ta sake aure ba. Ta samu aikin shara a sakandaren unguwarmu, ta rene ni, ta tura ni kwaleji, na dawo makarantar a matsayin malamin kwamfuta, da tabarau da ɗaurin wuya da girman kai wanda ya fi ƙarfin wuyan.

A shekarata ta biyu aka kawo mana kwamfutocin hannu guda sittin, da kabad ɗin ƙarfe mai soket a ciki. Aka ajiye shi a wani ɗan ɗaki kusa da ajina. Tsarin kuwa shi ne ba a ajiye komai a cikin kwamfutar kanta. Duk abin da ɗalibi ya rubuta yana tafiya wani rumbu ne a intanet, wanda 'yan sana'armu ke kira gajimare. Da sunansa da lambar sirrinsa zai same shi a kowace kwamfuta, har a wayar uwarsa in ya koma gida. 'Yan aji huɗu na buɗe musu babban littafi guda na haɗaka, su casa'in, kowa na iya rubutu a ciki lokaci ɗaya. Ranar da na ga hannu talatin suna rubutu a shafi guda, sai na ji kamar ni na ƙera duniya.

Gwaggo ce ke fara shigowa makaranta, ƙarfe shida, don haka ita aka ba makullin kabad. Ta goge, ta jona, ta duba wadda ta tsage, ta nemi wanda ya tsaga ta murɗe masa kunne. Yara sun ji ina ce mata Gwaggo, suka ƙara mata Caji, sunan ya bi ta.

To, makarantar tamu ba gidan lafiya ba ce. Rabin yaranmu daga tsallaken gada suke, rabi daga bayan tashar mota, kuma gabar 'yan Gada da 'yan Tasha ta girmi yaran da ke yin ta. Ba wanda ya san mafarinta. Kowace safiya maigadi na laluben aljihu a ƙofa, ya ƙwace waya, ya ƙwace reza. Sai suka koma makamin da ba a ƙwacewa: ƙafar benci, sarƙar keke, kwaɗon ƙofa a cikin safa, tsinken kamfas na akwatin lissafi. Na ga yaron da aka huda wa kunci da kamfas har tsinin ya taɓa haƙori. Shugaban makaranta ya raba su aji biyu, ya hana su haɗuwa ko a bakin famfo. Duk da haka sai ka ji an yi faɗa a wuri kaza, ƙarfe kaza, kowa ya hallara a kan lokaci kamar an raba katin gayyata. Jagoran 'yan Gada wani siriri ne, Ƙusa, ba ya ɗaga murya. Na 'yan Tasha kuwa Birki, ƙato, wanda sunansa kaɗai ke da birki.

Wata safiya Gwaggo ta leƙo ajina da kwamfuta a hannu.

“Kai, Tabarau, zo nan. In mutum yana goge abin nan hannunsa ya share rubutun mutane, shi ke nan ya tafi?”

Na yi dariya irin ta wanda ya samu damar koya wa wadda ta koya masa tsarki. Na shiga da sunana, na nuna mata wani ɗan hoton agogo a saman shafi.

“Danna nan, Gwaggo. Wannan tarihin gyara ne, malami kaɗai ke ganinsa. Duk abin da aka rubuta, ko an goge, yana nan, da sunan mai shi da lokacin.”

“Ko an goge?”

“Ko an goge tun bara.”

“Allah mai iko,” in ji ta. “Rubuta min lambar taka a takarda, kada in sake ɓarna in zo ina damun ka.”

Na rubuta mata, na manta.

Daga wannan makon faɗan makarantarmu ya samu baƙuwa. Za a taru a bayan banɗaki, an kwance sarƙa, Birki ya cire riga, sai ga Gwaggo ta ɓullo da bokiti da sandar mopa, wai shara ta kawo ta. Ba ta wa'azi, ba ta roƙo. Wanda ya fi kusa take fara kwaɗa wa a ƙwauri, na biyu a wuyan hannu har makamin ya faɗi, ta watsa wa sauran ruwan wankin banɗaki, bakinta na aiki kamar injin niƙa.

“'Ya'yan banza! Kai mai kwaɗo, uwarka na can tana sayar da gawayi don ka zo ka fasa kan ɗan wani? Miƙo shi ko in karya ka gida biyu!”

Su watse suna ɗingishi suna zagi ƙasa-ƙasa. Gobe a koma kangon ginin da ba a gama ba, a tarar da ita zaune a kan bulo tana gyara tsintsiya. Jibi rumfar kekuna, tana can. Yara suka ce aljanu gare ta. Maigadi ya ce hanci ne irin na mahauta, tana jin warin jini tun bai zuba ba. Ita dai ta ci gaba da shararta. Shekara biyu ana haka, kuma ba kyauta ta yi ba: ta rasa haƙorin gaba ɗaya, ɗan yatsanta na hagu ya daina lanƙwasuwa, gwiwarta ta dama ta kumbura ba ta sake saɓewa ba. Amma a cikin shekara biyun nan ba a fitar da yaro ko ɗaya a kwance daga makarantar ba.

Ranar da Birki ya shigo da reza a cikin takalmi, ita ta tare da hannunta. Ya kai wa Ƙusa yanka a wuya, ta cusa damtsenta a tsakani, fatar ta buɗe tun daga gwiwar hannu. Da ɗaya hannun ta damƙi maƙogwaron Birki ta buga kansa da bango sau biyu, sai da rezar ta faɗi ta sake shi. Ni na kai ta asibiti. Ɗinki tara aka yi mata.

“Gwaggo, don girman Allah, yaya kike sanin inda za su yi?”

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce in ba ta wayata. Da yatsa ɗaya ta shiga littafin haɗaka da sunana, ta gangara can ƙasan darasin labarin ƙasa, shafi na arba'in, inda ba malamin da ke kaiwa. Shafin fari fat. Ta danna agogon. Sai ga shi ya cika: zagi, ƙalubale, wuri, lokaci, wa zai zo da me. A nan ɓangarorin biyu ke aika wa juna saƙo. Wannan ya rubuta, wancan ya karanta, a goge. Ta ce ran farko tana goge wata kwamfuta da aka bari a buɗe ta ga haruffa suna fitowa da kansu suna ɓacewa, har ta yi a'uziyya.

Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba, ɓacin ran iri biyu ne. Ga jinin gwaggota a rigata. Ga kuma littafina, abin alfaharina, an mayar da shi dandalin 'yan daba a ƙarƙashin hancina.

“Gobe zan kai wa Shugaba.”

“Ba za ka kai ba.”

“Gwaggo, sun kusa kashe ki!”

“Kusa ai ba kashewa ba ce. Saurara, ɗan nan. Wannan shafin kunnena ne. Ran da suka san ana ji, za su daina magana a nan, ba za su daina faɗa ba. Ka fahimta, ko in fahimtar da kai da hannun da ya rage?”

Na ce na fahimta. Kwana huɗu na riƙe bakina. A rana ta biyar, a taron malamai, Shugaba ya ce shi fa bai ga amfanin kwamfutocin nan ba ban da shan wuta. Malamai suka yi dariya suna kallona. Baki shi ke yanka wuya. Kafin a tashi na buɗe masa shafi na arba'in.

Ranar Litinin aka kafa majigi a zauren taro. Ni na tsaya a gaban ɗalibai ɗari bakwai ina haska saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, da suna da lokaci, ina cewa, “Kun zaci kun goge? Gajimare ba ya mantuwa!” Aka fito da yara ashirin da uku, aka kwantar da su a kan tebur, aka yi ta tsula musu bulala har sanda uku suka karye. Birki da mutum biyar aka kore su ɗungurungum, don su suka fi rubutu. Ƙusa, da yake ba mai yawan magana ba ne ko a rubuce, bulala goma sha biyu ya sha da dakatarwar mako biyu. Malamai suka tafa mini. Wallahi na ji daɗin tafin nan.

A ɗakin malamai Gwaggo ta same ni, hannunta a naɗe da bandeji. A gaban abokan aikina ta ɗauke ni da marin da ya jefar da tabarau ɗina ƙarƙashin kabad.

“Ka toshe min kunne don a tafa maka,” in ji ta, ta fita.

Shugaba ya tambayi dalilin marin, na gaya masa gaskiya. Ya yaba mata da baki, sannan ya ce doka doka ce, mai shara ba ta shiga da sunan malami, in canza lambar sirri yau. Da zafin marin a kuncina, ban ko yi musu ba. Kafin a tashi, labarin cewa ita ce ke karanta shafin ya kai kunnen yara. Washegari da sassafe ta gwada lambar ta ƙi. Ta zo ta tsaya a ƙofar ajina.

“Ba ni sabuwar.”

“An hana, Gwaggo. Ni zan riƙa dubawa kullum.”

“Kullum?”

“Kullum.”

Makon farko na duba kowace safiya, babu komai. Mako na biyu na duba sau biyu. Bayan nan na bari, don me za a duba a rijiyar da ta ƙafe? Makaranta ta yi tsit, Shugaba na yawo yana cewa an ga bayan fitina. Gwaggo kuwa ta rame. Takan bi bayan azuzuwa tana leƙen fuskokin yara, tana ƙirga ƙafafun benci. Ta ce mini shirun nan ba ya mata daɗi. Na ce mata tsufa ne. Abin da ban sani ba, a bayan tasha magana ta riga ta zaunu cewa Ƙusa ne ya sayar da su, tunda an kori nasu an bar shi.

Ranar Laraba ta mako na huɗu na yi baƙi, malamai goma sha biyu daga wasu makarantu, sun zo in koya musu yadda na kama 'yan daba da kwamfuta. Babu wuta, aka tayar da janareta saboda majigina. Wajen ƙarfe goma, ina tsakiyar bayani, Gwaggo ta turo ƙofa ba sallama.

“Buɗe min littafin.”

“Gwaggo, ina da baƙi.”

“Yau ne. 'Yan Tasha ba wanda ya zo bakin famfo, maigadi ya ga sawun takalmi a katangar baya. Buɗe min.”

Baƙi suka zuba mana ido, wani na murmushi. Kunya ta kama ni, kunyar a ga mai shara tana ba ni umarni. Na gangara shafi na arba'in a kan majigi, na nuna mata.

“Kin gani? Fes.”

“Ba nan ba. Agogon.”

“In an fita hutu zan duba. Don Allah, Gwaggo, je ki.”

Ta yi mini wani kallo, ta ja ƙofar.

Aka kaɗa ƙararrawar hutu sha ɗaya da rabi, baƙina na ta tambayoyi, na ci gaba da amsawa. Abin da ya faru a waje maigadi ne ya ba ni labari daga baya. Ta ruga bayan banɗaki da gurguwar gwiwarta, ba kowa. Ta tsallaka fili zuwa kango, ba kowa. Rumfar kekuna, ba kowa. Ta damƙi wani ɗan Tasha ta shaƙe shi da kwalar rigarsa har idonsa ya fito, ya rantse bai sani ba, ta jefar da shi. Duk wuraren da ta sani ta bi, wasu sau biyu. Bayan ɗakin janareta ba a taɓa faɗa ba, lungu ne da bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Birki ya zaɓe shi ne saboda ƙarar injin. Da ta isa, su Birki sun riga sun haura katanga. Ƙusa na zaune a jingine da bango, hannuwansa biyu a kan cikinsa, farar rigarsa ta rine har wando. Wannan karon ba reza ba ce.

Ihunta ne ya keto ƙarar janareta ya iso ajina. Na fito na gan ta tafe da yaron a kafaɗa, ita da ba ta iya hawa matakala sai ta dafa, jini na bin zanenta, raunin hannunta ya sake buɗewa. Ba ta yarda kowa ya karɓe shi ba har bakin titi. A cikin mota ya cika, kansa a cinyarta. Shekararsa goma sha bakwai.

'Yan sanda suka kama Birki a ranar. Aka rufe makaranta kwana uku. Gwaggo ba ta yi mini magana ba, ba ta kuma ci abinci ba. A rana ta uku jami'in da ke bincike ya ce in kawo masa duk abin da yaran suka rubuta. Na zauna ni kaɗai a ajina da safe, na buɗe littafin, na danna agogon. Layi ɗaya ne sabo a cikin mako huɗu. Ranar Laraba, tara da minti goma, da sunan Ƙusa. Ya rubuta, bayan daƙiƙa arba'in ya goge, don kada yaransa su gani su ce ya ji tsoro.

“Gwaggo Caji in kina gani. Bayan janareta da hutu. Sun kira ni ba zan iya ƙin zuwa ba. Don Allah ki zo.”

Na yi tunanin ɓoye mata, wallahi na yi, na zauna da tunanin nan kusan awa guda. Sannan na ɗauki kwamfutar na shiga ɗakin caji. Tana zaune a kan bokiti a kife. Na durƙusa na miƙa mata.

Ta karanta da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, leɓenta na motsi. Ta sake karantawa.

“Ƙarfe nawa ya rubuta?”

“Tara da minti goma.”

“Da na zo ajinka yana ciki ke nan.”

“Yana ciki, Gwaggo.”

“Yana ƙarƙashin yatsanka.”

Ta ajiye kwamfutar a hankali, ta dafa bango ta miƙe, ta fita. Ta taga na gan ta. Ta tsaya daidai ƙofar ajina, inda na sallame ta, sannan ta kama tafiya tana jan ƙafa, ta bi gefen baranda, ta wuce famfo, ta sha kwanar ɗakin janareta. Ta daɗe a can. Da ta dawo idonta a bushe yake.

“Taku ɗari da goma sha biyu ne,” in ji ta. “Da gwiwar nan tawa. Yaron nan ya tsaya a lungun yana kallon kwanar, yana jiran in ɓullo.”

Ta kwance makullin kabad daga bakin zanenta ta ajiye mini a kan tebur, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan uwar Ƙusa.